Tsohuwar Bindigar Gado: Daga Ina Ta Fito, Nawa Kuma Za Ta Yi?

Wasiƙu uku ne a filinmu na wannan fitowa, kuma dukkansu a kan tsofaffin bindigogin farauta ne da masu karatu suka gada. Mun haɗa su wuri guda saboda amsar kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta haske.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, kakanmu ya rasu ya bar wata tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi, kuma ita ce ta faɗo hannuna. Tana da 'yan guduma biyu a waje waɗanda ake ja baya da babban yatsa kafin a harba. A gefenta an rubuta "W. Richards", a kan zirin ƙarfen da ke tsakanin bututun biyu kuma an rubuta "London Fine Twist". Jikin bututun yana da wani zane mai murɗe-murɗe kamar an naɗe waya. Da na cire katakon gaba na raba bututun da gangar jikin, na ga haruffan E da L da G da tauraro a cikin wata da'ira mai siffar ƙwai da kambi a samanta, da wani abu kamar 'yar hasumiya, da kuma lamba 12 a kan harafin C. Wani abokina ya ce ƙirar kamfanin Westley Richards ce ta Ingila, kuma kuɗinta zai sayi mota. Shin haka ne? Niyyata in goge tsatsar, in yi wa katakon fenti, in gwada harba ta sau ɗaya kafin in nemi mai saye.

AMSA: Wa alaikumus salam. Ka yi daidai da ka raba bututun ka duba ƙarƙashinsa, domin a nan ne tsohuwar bindigar Turai take faɗin gaskiya game da kanta. Sunan da ke gefe da rubutun da ke sama, mai sassaƙa ne ya yi su, kuma abin da ɗan kasuwa ya biya shi ya rubuta shi zai rubuta. Hatiman da ke ƙasa kuwa gidan gwaji ne yake buga su, bayan an ɗura wa bututun albarushi fiye da kima an harba domin a ga ko zai jure, don haka matsayinsu kamar na hatimin da ake buga wa fasfo ne a kan iyaka: yana nuna inda aka bi da kuma lokacin da aka bi. Ƙungiyar maƙeran bindiga ta Landan ta sami wannan iko tun 1637, majalisar dokokin Birtaniya ta kafa gidan gwaji na Birmingham a 1813, a birnin Liège na Beljiyam kuma an wajabta gwajin tun 1672.

Hatiman da ka bayyana duka na Liège ne. Haruffan nan uku a cikin da'ira an fara buga su tun farkon ƙarni na 19, amma sai a 1893 aka ƙara kambin a samansu, saboda haka bindigarka ba ta girmi wannan shekara ba. Abin da ka kira 'yar hasumiya hoton wani ginshiƙin dutse ne da ke tsaye a dandalin kasuwar birnin, wanda mutanen Liège suka ɗauka alamar garinsu. Lamba 12 a kan harafin C kuwa an yi amfani da ita a Beljiyam daga 1898 zuwa 1924, lokacin da aka koma rubuta girman baki da tsawon mazaunin harsashi tare, kamar 12-65. Idan aka tuna cewa sojojin Jamus sun mamaye Liège a watan Agusta na 1914, abin da ya tsayar da fitar da bindigogi zuwa ƙetare na tsawon shekarun yaƙin, mafi rinjayen zato shi ne an ƙera taka tsakanin 1898 da 1914. Ta haura shekara ɗari, wannan babu ja a kai, amma ba a Ingila aka yi ta ba.

Yadda sunan Ingila ya hau kanta labari ne sananne ga masu tara tsofaffin bindigogi. A ƙarshen ƙarni na 19 maƙeran Liège da ƙauyukan da ke kewaye da ita suna fitar da bindigogi masu araha da yawan gaske, a kai su Amurka da sauran ƙasashe a sayar wa manoma ta hannun masu shagunan kayan ƙarfe da kamfanonin da ke aika kaya ta gidan waya. Da yake bindigar Ingila ce ke da suna a lokacin, sai 'yan kasuwa suka riƙa sa a rubuta sunayen da za su yi kama da na manyan maƙera ba tare da sun zama su ba: "W. Richards" domin mai saye ya tuna da Westley Richards, "T. Barker" domin ya tuna da Parker na Amurka, "J. Manton" domin ya tuna da gidan Manton na Landan. Kamfanin Westley Richards, wanda aka kafa a Birmingham a 1812, cikakken sunansa yake rubutawa, kuma bindigoginsa hatiman Ingila suke ɗauke da su. An yi wani maƙeri na gaske mai suna W. Richards a Liverpool, amma shi ma bindigarsa ba za ta zo da hatimin Liège kaɗai ba. Kalmar "London" da ke kan zirin ƙarfen tallace-tallace ce kawai.

Batun kuɗi kuma, gara in faɗa maka kai tsaye domin kada ka gina buri a kan maganar abokinka. Tsufa shi kaɗai ba ya sa wa bindiga daraja. Abin da ke sa mata daraja shi ne wanda ya ƙera ta, da ƙarancin irinta, da lafiyar da ta iso da ita, da kuma ko akwai masu neman ta. Irin taka an yi su da yawa, an yi su da arha tun asali, kuma har yau suna cike da wuraren gwanjo, inda ake sayen su a matsayin kayan ado na ratayewa a bango. Sau da yawa abin da maƙeri zai caje ka domin ya gyara ta ya fi abin da za ta kawo in an sayar. Ra'ayina shi ne darajarta ta gaskiya tana cikin kasancewarta ta kakanka, kuma idan dokar ƙasarka ta ba ka damar riƙe ta, riƙewar ta fi sayarwar riba.

Harba ta kuwa, kada ka yi, ko sau ɗaya. Zanen murɗe-murɗen da ka gani a jikin bututun ba ado ba ne da aka zana daga baya, shi ne yadda aka gina bututun. Ana ɗaukar ziri-zirin ƙarfe mai taushi da mai tauri a jera su, a murɗa su da zafi, a naɗe su a jikin wata sanda, sannan a yi ta dukan su da guduma har gefunansu su haɗe, a zare sandar a bar bututu. Ke nan daga gindi har baki bututun haɗi ne a kan haɗi. Baƙin albarushi na wancan zamani yana barin toka mai jan danshi, kuma idan mai bindigar bai wanke ta ba bayan harbi, tsatsa takan shiga cikin waɗannan haɗe-haɗe ta ci ƙarfen daga ciki inda ido ba ya gani. Ƙari a kan haka, a cikin hatiman da ka lissafa babu zaki a kan haruffan PV, wanda shi ne shaidar Liège cewa an gwada bututu da albarushi marar hayaƙi, alhali harsashin da ake sayarwa yau da shi ake ɗura shi. Akwai kuma matsalar tsawo: mazaunin harsashi a yawancin bindigogin wancan lokaci milimita 65 ne, na yau kuwa 70 ne ko fiye. Harsashi mai tsawon 70 zai shiga lafiya ƙalau saboda bakinsa a naɗe yake, sai an harba ne naɗin zai buɗe ya rasa wurin miƙewa, matsin ya ƙaru. Wurin da irin wannan bututu ya fi fashewa kuma kusa yake da inda mai harbi ke ɗora hannunsa na gaba. Gaskiya ne akwai bututun murɗe na manyan maƙeran Ingila da aka sake gwadawa da sabon albarushi suka tsallake, ana kuma farauta da su har yanzu, amma waɗannan an auna kaurinsu an buga musu sabon hatimi, ba da ƙarfin hali aka yarda da su ba.

Gogewa da fenti su ma ka bar su. Launin ƙasa-ƙasan da ke jikin bututun da duhun da katakon ya yi da daɗewa su ne abin da mai saye yake so ya gani, kuma takardar guga ko burushin waya za su share zanen murɗen da gefunan hatiman cikin minti kaɗan, ba kuma za su dawo ba. Abin da ya kamata shi ne ka shafa ɗan mai marar kauri a tsumma mai taushi ka goge ƙarfen a hankali, ka zura tsumma mai mai a cikin bututun, ka kiyaye kada man ya jiƙa katako domin yana sa shi laushi da baƙi a wajen da ya haɗu da ƙarfe. Kada ka kwance kusoshinta da sukudireban gida, domin tsagar kansu siririya ce ƙwarai, kuma kan kusa da aka lalata shi ne abu na farko da masani yake hangowa. Ka ajiye ta a busasshen wuri mai kulle, ba a cikin bargo ko jakar fata ba, domin su suna riƙe danshi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Mahaifinmu ya bar bindiga mai baki biyu wadda ba ta da guduma a waje, a cikin akwatinta na fata mai takardar kamfani manne a murfin. An rubuta "Westley Richards" a jikinta. A ƙarƙashin bututun akwai kambi a kan BP, da kambi a kan BV, da kambi a kan NP, da rubutun "NITRO PROOF", da lamba 12 a kan C. Ni da 'yan'uwana mun yarda a sayar a raba kuɗin. Wani dillali ya yi mana tayi, amma wani mai kimanta kaya domin inshora ya rubuta mana adadin da ya kusa ninka tayin sau uku. Wane ne ke yaudarar mu a cikinsu?

AMSA: Malama, Allah ya jiƙan mahaifinku. Mai yiwuwa ne ƙwarai babu wanda ya yaudare ku, kuma zan zo kan dalilin, amma bari mu fara da ita bindigar. A nan suna da hatimi sun yi daidai da juna. Kambi a kan BP da BV da NP hatiman Birmingham ne da aka fara amfani da su a 1904, aka ci gaba da su har dokokin gwaji na 1954 suka maye gurbinsu da hatimin BNP. Daga 1925 kuma aka fara buga tsawon mazaunin harsashi, kamar inci 2½, kuma tun da ba ki ambaci wannan ba, alama ta nuna an gwada ta tsakanin 1904 da 1925. Ki sake dubawa da gilashin ƙara girma ko akwai wasu 'yan ƙananan takubba biyu a gicciye da harafi a tsakaninsu, domin daga 1921 Birmingham ta riƙa nuna shekarar gwaji da wannan harafi. Idan hatiman sun dushe, a goga musu alli a share saman, farin zai zauna a cikin ramukan su fito sarai, sannan a ɗauki hoto.

Kuna da wata hanya da mai wasiƙar farko ba shi da ita. Manyan gidajen ƙira na Birtaniya, irin su Purdey da Holland & Holland da Boss da shi kansa Westley Richards, sun adana littattafan da suke rubuta kowace bindiga a ciki da lambarta. Idan kuka aika musu lambar da hotuna, sukan iya gaya muku shekarar da aka gama ta, da tsawon bututunta da na ƙotarta, wato katakon da ake jinginawa a kafaɗa, a ranar da ta bar masana'anta, wani lokaci har da sunan wanda ya fara saye. Wannan takarda tana da amfani biyu: tana tabbatar da asali, kuma tana tona duk wani canji da aka yi daga baya. Idan littafi ya ce bututun inci 30 ne, ku kuka auna kuka sami 27, to an yanke shi, kuma yankewar ta tafi da matsewar da ake yi wa bakin bututu domin ƙwayoyin dalma su tafi a dunƙule, ta kuma tafi da kaso mai tsoka na kuɗin. Ku duba kuma ko lambar da ke jikin bututun ita ce a gangar jiki da ƙarfen katakon gaba, da kuma ko akwai 1 ko 2 da aka rubuta da zinariya a sama, abin da ke nuna ɗaya ce daga cikin tagwaye da aka yi wa mutum guda.

Sunan kamfani shi kaɗai bai isa ba, domin kowane gida yana da daraja hawa-hawa. Tsarin da ya ɓoye gudumomi a cikin gangar jiki, William Anson da John Deeley ne suka yi masa rajista a 1875 suna aiki a kamfanin Westley Richards, kuma ya yi nasarar da har kusan kowane maƙeri a Turai ya kwaikwaye shi, don haka akwai na alfarma a cikinsa, akwai kuma na talaka. Abubuwan da za ku lura da su sun haɗa da ko tana cilla kwankon harsashi waje da kanta in an karya ta ko kuwa ɗago shi kawai take yi a cire da hannu, da yawan sassaƙar da ke jikinta da kyanta, da kyan zanen katakon. Ku juya ta ku dubi farantin ƙarfen da ke ƙasan gangar jiki. Idan ana buɗe shi da hannu a zaro injinan harbin biyu ba tare da sukudireba ba, to wannan shi ne tsarin da kamfanin ya fito da shi a 1897, kuma shi masu tarawa suka fi nema a cikin kayansa. Girman baki ma yana da tasiri. Lambar 12 tana nufin idan aka raba laba ɗaya ta dalma gida 12 aka mulmula, kowace ƙwallo za ta cika bakin daidai, wato kimanin milimita 18.5. Ita aka fi ƙerawa, shi ya sa masu lamba 20 da 28, waɗanda bakinsu ya fi ƙanƙanta kuma ba a yi su da yawa ba, sukan fi ta tsada in komai ya zo ɗaya.

Amma a wurin masu sana'ar, kuɗin bindiga mai baki biyu yana cikin bututunta, kuma ba a sanin lafiyar bututu da ido ko da hoto. Duk lokacin da tsatsa ta yi rami a ciki aka goge domin ya koma sumul, ƙarfe ne ake ragewa. Maƙerin da ya san aikinsa zai auna faɗin ramin a nisan inci 9 daga gindi ya gwada da abin da aka buga a hatimi. Idan ya buɗe fiye da iyakar da doka ta yarda, wadda a dokokin 1954 kashi goma ne cikin dubu na inci, gwajin farko ya faɗi, kuma a Birtaniya laifi ne a sayar da bindiga a wannan hali sai an sake gwada ta. Zai kuma auna kaurin bangon bututun daga gindi har baki. Abin da masu sana'ar suka saba ɗauka a matsayin mafi ƙarancin kauri shi ne kashi ashirin cikin dubu na inci, wato kusan rabin milimita, kuma bindigar da ta gaza haka farashinta yakan faɗi warwas ko da sassaƙarta ta kai yadda ta kai. Idan kuka ga kalmar "SLEEVED" a ƙasa, ma'anarta an yanke tsofaffin bututun an dasa sababbi a gindin na asali. Irin wannan tana harbi lafiya, amma ba ta kai mai bututun asali kuɗi ba.

Akwai gwaji biyu da za ku iya yi a gida bayan kun tabbatar babu harsashi a ciki. Na farko, a rataye bututun shi kaɗai da zare ta ƙugiyar da ke ƙasansa a ƙwanƙwasa shi da farce. Idan ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, liƙin da ya riƙe zirin ƙarfen yana nan daram, idan kuwa ƙarar ta mutu nan take ko ta yi kaf-kaf, liƙin ya saki a wani wuri kuma danshi ya sami hanyar shiga tsakanin bututun biyu. Na biyu, a haɗa bindigar ba tare da katakon gaba ba, a riƙe ta ta ƙota a girgiza a hankali. Duk wani motsi ko ƙara tsakanin bututu da gangar jiki yana nuna ta saki, gyara ne mai yiwuwa amma mai saye zai cire kuɗinsa. Sannan a duba siririn wuyan ƙotar a cikin haske mai kyau, domin a nan tsagewa take ɓuya, kuma sabuwar ƙota a bindiga irin wannan aiki ne mai tsadar gaske.

Yanzu ga dalilin saɓanin adadin nan biyu. Bindiga ɗaya tana da farashi uku a rana ɗaya. Mai inshora yana rubuta abin da za a kashe a sayi makamanciyarta daga shagon babban dillali idan ta ɓace, shi ya sa nasa ya fi kowanne yawa, kuma ba wanda zai ba ku wannan kuɗi a hannu. Farashin gwanjo shi ne abin da masu saye suka yi takara suka tsaya a kai, daga ciki kuma gidan gwanjon zai cire ladansa kafin ya ba ku saura. Tayin dillali shi ne mafi ƙanƙanta, domin shi zai biya gyara, ya ajiye ta watanni ko shekaru, sannan ya nemi ribarsa. Abin da ya fi dacewa da masu son raba kuɗi shi ne na tsakiya. Gidajen gwanjo irin su Holts da Bonhams a Ingila da Rock Island a Amurka suna wallafa sakamakon cinikinsu, kuma abin da za ku nema shi ne abin da aka sayar da irin taku a shekarun nan na kusa, ba abin da wani ya rubuta yana nema ba, domin neman kuɗi kowa ma yana iyawa. Ku lura ko adadin da aka wallafa ya haɗa da ladan da mai saye yake ƙarawa a sama, tun da wannan ba ya shiga aljihun mai kaya.

Ku sani kuma kasuwar matsakaitan bindigogi masu bututu biyu a jere ta yi sanyi. Mafarauta da yawa sun koma ga masu bututu ɗaya a kan ɗaya, kuma ana ta taƙaita harbi da dalma, har Tarayyar Turai ta hana shi a fadamu da wuraren dausayi daga watan Fabrairu na 2023, alhali tsofaffin bututu masu siririn bango da matsattsen baki ba a yi su domin ƙwayoyin ƙarfen da ke maye gurbin dalmar ba. Na alfarma ne kawai suka riƙe darajarsu. Shawarata ita ce ku biya wani masani wanda ba shi da niyyar saye ya auna ta ya rubuta muku sakamakon, ku haɗa da takardar kamfanin, sannan ku nemi tayi daga wuri fiye da ɗaya. Kada ku raba ta da akwatinta da kayan da ke ciki, kuma duk wata rasit ko wasiƙa ko hoton mahaifinku da ita ku adana, domin labarin baka game da wanda ya taɓa mallakar bindiga ba ya ƙara ko kwabo sai da takarda.

TAMBAYA: Malam, tawa mai baki ɗaya ce, irin wadda ake ɗurawa ta baki, babu suna a jikinta ko kaɗan. An ce mini tun da tsohuwa ce ba ta buƙatar lasisi. Haka ne?

AMSA: Ɗan'uwa, wannan ya dogara ga ƙasar da kake, kuma bambancin da ke tsakanin ƙasashe babba ne. A dokar tarayya ta Amurka, bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan ana ɗaukar ta kayan tarihi, ko da yake jihohi suna da nasu ƙarin sharuɗɗan. A Birtaniya kuwa, bisa ƙa'idojin 2021, sai an ƙera ta kafin 1 ga Satumba 1939, kuma tsarin harbinta ko harsashinta ya kasance cikin waɗanda aka lissafa a matsayin waɗanda aka daina yayi, sannan a ajiye ta domin ado ko tarihi kawai. Saboda haka bindigogin masu wasiƙu biyun farko, da yake harsashi mai lamba 12 suke ci, a can sai da takardar izini komai tsufansu. Ƙasashe da yawa ba su ma ware tsohuwa daga sabuwa ba, kuma lasisin mamaci ba ya wucewa ga magajinsa. Ka tuntuɓi hukumar da ke ba da lasisin makamai ko lauya tun kafin ka fita da ita daga gida, ko ka tallata ta, ko ka aika wa wani.

Rashin suna a waje ba ya nufin babu shaida. A irin wannan bindiga hatiman sukan kasance kusa da gindin bututu, a sama ko a gefen hagu ko a ƙasa inda katako ya rufe, kuma idan ta Birmingham ce ta kafin 1904 za ka ga sandunan sarauta biyu a gicciye da kambi a samansu. Idan babu ko ɗaya, tana iya zama ƙirar Amurka, inda babu gidan gwaji na hukuma, ko kuma aikin wani maƙeri mai zaman kansa.

Kafin duk wannan, ka ɗauka a ɗure take. Bindigar da ake ɗurawa ta baki ba a karya ta a leƙa ciki, mutanen da kuma sukan ajiye ta da ɗurinta domin shirin ko-ta-kwana, kuma baƙin albarushi da ya zauna a busasshen wuri yana iya tashi bayan shekaru masu yawa. Ka juya bakin inda babu kowa, kada ka taɓa guduma ko kunama, ka zura siririyar sandar katako a hankali har ta tsaya ba tare da ka sa fuska ko tafin hannu a saitin bakin ba, ka yi mata alama daidai bakin, sannan ka zaro ta ka jera a jikin bututun daga waje. Idan ƙarshenta ya kai wajen 'yar kafar da wuta ke shiga, babu komai a ciki. Idan ya rage inci ɗaya ko fiye, akwai ɗuri, kuma maƙerin bindiga ne zai zaro shi da kayan aikinsa, ba a harba shi domin a rabu da shi.